Ganyayen Baba Dogara

Uppsala, Suwidin
14 ga Satumba, 1987

Yaya Jamiluddeen,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da Anti Zahra'u da yara. Yaya kasuwar citta? Ni dai na iso lafiya, sai mura da ta tarbe ni tun a filin jirgi, har yau kuma ba ta sake ni ba.

Kai nake rubuta wa domin kai ne mai akwati a gidan waya, kai ne kuma mai shiga garinmu Fadan Kaje sayen citta. Baba ba ya karatu. Yaya Gregory kuwa ka san shi, wasiƙa sai ta shekara a aljihun kwat ɗinsa na coci. Ban da haka, kakarka Afiniki da kakana ciki ɗaya suka fito, kuma shekara biyar na yi ina cin tuwon gidanku lokacin da nake sakandare a Kafanchan. Saboda haka ba roƙonka nake ba, aikenka nake. Girmanka bai hana ka zama abokin wasana ba.

Ka tambaye ni a tasha me zan je karantawa, na ce ilimin tsirrai, ka ce to me Baba ya rage wanda bai sani ba. Ga cikakkiyar amsa, ka yi dariyarka. An ba ni wani ɗan guntun itace na ƙasashen sanyi in yi bincike a kansa. Tsayinsa daga gwiwa zuwa ƙugu, rassa cunkus kamar tsintsiya, ganye ƙanana masu yatsu biyar, fure ruwan ɗorawa. Ba a cinsa, ba a gini da shi. Kowa ya yarda dangin wardi ne da tuffa. Gardamar ita ce gidan da za a ajiye shi a cikin dangin. Fiye da shekara ɗari biyu yana gidan da ake kira Potentilla, amma 'yan gidan kusan duk ciyayi ne masu laushi, shi kuwa itace ne har da ɓawo. Wasu malamai sun ce a ware masa gidan kansa, Dasiphora. Aikina in zauna da madubin ƙara girma in duba furensa da irinsa, in ga wa ke da gaskiya.

Karatun shekara biyu ne. Ka je ka karanta wa Baba wannan, ka ce masa damina biyu kawai, ta uku tare za mu shiga daji kamar yadda na yi alkawari.

Ranar da na taso na ga har yanzu ba a gyara wuraren da aka ƙone a rikicin watan Maris ba. Ka riƙa kula da kanka a hanya.

Ƙanwarka,
Emilia


Kafanchan
2 ga Disamba, 1987

Zuwa ga Malama Emilia, alƙaliyar ciyawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, muna nan lafiya, alhamdu lillahi. Zahra'u ta ce ki sha citta da zuma don murar, in Turawan sun san citta. Kasuwa kuwa sai godiya.

Wato jirgin sama aka hau, aka ƙetare teku, don a raba gardamar tsintsiya. Allah Ya ba da nasara. In kin gama da ita ki dawo akwai rigimar tafasa da rai-ɗore a bayan gidanmu, ba a san wa ya fi wani ba.

Na je Fadan Kaje ranar kasuwa, na sami Baba Dogara a gindin mangwaro yana ɓarar wata saiwa. Na karanta masa takardarki daga farko har ƙarshe. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Maganin mene ne itacen?" Na ce takarda ba ta faɗa ba. Ya ce, "To don me suke neman sunansa?" Amsar sai ki ba shi da kanki.

Yanzu ga maganar da ba ta wasa ba. Yanar ido ta fara rufe masa idon hagu. Sai da na yi magana ya gane ni. Da yara suka watse ya jawo ni kusa ya gaya mini abin da ban sani ba. Ya ce ilimin maganin da ubansa ya ba shi ba a bayar da shi a ɗaki. Sai an je gindin abin, ya kama hannun mai karɓa ya ɗora a kai, ya faɗi sunansa da harshenku na Jju, ya faɗi ciwon da yake yi wa, da abin da ake haɗa shi da shi, da wanda ba a ba shi ko da zai mutu. Kuma mutum ɗaya ake ba wa. Gregory ya ƙi tun da ya zama dattijon coci, ya ce aikin duhu ne. Saura ke, wadda ta riƙa bin shi da kwando tun kina da wawulo. Ya ce damina biyu ya ji, kuma ya riƙe.

Kin ce in kula a hanya. Ina kulawa. In na shiga garinku ana amsa mini gaisuwa, amma ba a miƙo kujera da sauri kamar da. A nan kuma ana tambayata me nake nema a can bayan citta. Abin yana damuna, ba zan ɓoye miki ba. Ni dai kakata ba ta canza ba don an ƙone wani wuri.

Yayanki kuma ɗan aikenki,
Jamiluddeen


Uppsala
20 ga Agusta, 1989

Yaya Jamilu,

Ina gaishe ka da iyali. Na sami wasiƙarka ta watan Yuni, na yi murna da haihuwar da aka yi, Allah Ya raya Khairat. Na yi baƙin ciki da jin idon dama ma ya fara.

Mako uku na yi a wani tsibiri mai suna Öland, inda itacen nan ke fitowa a kan shimfiɗaɗɗen dutse. Abin da nake gani ya fara haɗuwa. Irinsa na da gashi. Ɗan tsinken da ke tsakiyar furen daga gefe yake fitowa, can ƙasa, ba daga sama ba kamar na yawancin 'yan gidan da aka sa shi. Ina ganin waɗanda suka ce a ware shi suna da hujja.

Na daɗe ina kewaye-kewaye, bari in faɗa. Malamina ya ce aikin ya fi ƙarfin digirin da na zo yi, in zarce zuwa na dakta. Shekara uku ne. Na riga na sa hannu. Kwana biyu na yi ina kuka kafin in sa, amma na sa, kuma ina jin kunya. In na bar wurin nan yanzu ba za a sake kirana ba. Ka san yadda aka yi kafin a sami wannan.

Ga abin da na yi tunani, ba don ya maye gurbin zuwana ba, don ko-ta-kwana. Ka taimake ni ka riƙa fita da Baba. Duk abin da ya nuna, ka yanko reshe mai ganye, da fure ko 'ya'ya in akwai. Ka shimfiɗa shi a tsakanin tsofaffin jaridu, ka danne da katako biyu da abu mai nauyi, ka riƙa canza jaridar kullum har ya bushe. A kan jaridar, lamba kawai za ka rubuta: ɗaya, biyu, uku. Sunan, da maganin, da inda aka samo, duk su shiga wani ɗan littafi daban, kowanne a gaban lambarsa. Haka ake yi a nan, tun da jarida ana ta canza ta, maimaita dogon rubutu ɓata lokaci ne.

Na san na ɗora maka kaya. Ka lallaɓa mini Baba, kai ka san bakinsa.

Ƙanwarka,
Emilia


Kafanchan
11 ga Fabrairu, 1990

Emilia,

Muna lafiya. Wata biyar na yi ban ba ki amsa ba, kuma da gangan ne. Da na rubuta a lokacin da kin yaga takardar.

Ni kika bar wa faɗin wannan magana. Na karanta masa, na rage murya a wurin shekara ukun kamar hakan zai rage su. Ya nemi ruwa ya sha, ya lalubi sandarsa ya shige ɗaki. Zuwana biyu bayan nan bai tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Na ji haushinki ƙwarai, Emilia. Tsoho mai ƙirga damina ba a ƙara masa uku a takarda.

A zuwa na uku ya ce, "Jamilu, rubutu iri nawa ka iya?" Na ce boko da ajami. Ya ce, "Wanne ne Gregory da 'ya'yansa ba su iya karantawa?" Na ce ajami. Ya ce, "To da shi za ka yi."

Ya yarda, amma da sharaɗi. Littafin a wurinsa zai zauna, kuma ba wanda zai san da shi a gidan. Yana tsoron in Gregory ya karanta ya yaga, ko jikoki su sayar wa masu tallar magani a mota. Ba za a kwafe shi ba, ko shafi ɗaya. In kin dawo yana raye, shi zai ba ki da bakinsa. In kin tarar ba shi, ni zan kai ki gindin kowane ɗaya, ki ɗora hannu, in karanta miki. Ya ce, "Kai ba mai karɓa ba ne, kai jaka ne. Jaka ba ta cin abin da aka zuba mata." Ya sa na rantse da Allah, na rantse.

Ganyen kuwa ya ce ki kwashe duka, busasshen ganye ba ya magana.

Za mu fara da ruwan farko. Na sa kafinta ya yanko katakon. Ki ci gaba da shari'ar tsintsiyarki, mu ma mun buɗe tamu kotun.

Jamiluddeen


Kafanchan
6 ga Nuwamba, 1991

Malama Emilia,

Gaisuwa da fatan alheri. Yara lafiya, Khairat ta fara surutu, ta gado ki.

Yau na kai ƙunshinki gidan waya. Ɗari da sittin da uku ne cif, damina biyu muka yi a kansu. Da sun fi haka, amma ashirin na farko fumfuna ta cinye, don ba ki gaya mini jarida ba ta bushewa a watan Agusta ba. Daga baya na gane in jera katakon a ɗakin ajiya in ɗora buhunan citta a kai. In kin ji ganyenki na ƙamshin yaji kada ki rubuta wa Turawa cewa haka Allah Ya halicce su.

Ido biyun duk sun tafi. A bayan babur nake ɗaukarsa, ya riƙe ni da hannu biyu, shi ne kuma mai nuna hanya. Zai ce mu bi ta rafi, a wuce dutse mai tsagewa, a tsaya inda ƙasa ta yi laushi. In na miƙo ganye sai ya murza, ya sansana, wani lokaci ya taɓa da harshe. Ranar da na kawo wanda ba shi ba ya jefar, ya ce, "Wannan ƙanensa ne, maƙaryaci, koma." Sannan ya faɗi sunan, in rubuta yadda kunnena ya ji, ya sa in maimaita har ya gamsu. Jju ɗina na wurin kakata bai wuce gaisuwa da zagi ba, ya sha dariyata.

Mutane suna kallonmu. Wani ya tare ni ya ce ina nake kai tsoho makaho kowane mako. Baba ya ce masa shan iska.

Littafin ya cika har bango. Danshi ya fara taɓa shi, sai na kai wa baduku ya ɗinka masa riga ta jar fata da igiyar ɗaurewa. Yana ƙarƙashin matashin Baba.

Ƙafafunsa suna kumbura, fitarmu ta ƙarshe sai da na ɗauke shi daga babur zuwa inuwa. Ba ya tambayarki yanzu, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali fiye da lokacin da yake tambaya. Ki zo, Emilia.

Yayanki,
Jamiluddeen


Uppsala
9 ga Janairu, 1992

Yaya Jamilu,

Ina gaisuwa. Ƙunshi ya iso, ko ɗaya bai karye ba. Da na kwance igiyar ƙamshin citta ya cika ɗakin, na zauna a ƙasa na yi kuka. Aikinka ya fi na ɗalibai da yawa a nan. Allah Ya saka maka.

Da a watan Mayu zan kare aikina a gaban malamai in taho. Amma akwai busassun samfura na itacen nan da muka aro daga Rasha, na yankin Saiberiya, kuma ka ji yadda ƙasar ta wargaje. Har yau ba su iso ba, in babu su kuma hujjata ƙafa ɗaya take da ita. An ɗaga zuwa Oktoba.

Ina roƙonka abu ɗaya. Ka karɓi littafin ka ce za ka gyara ɗinkin, ka kwafe shi a boko ka aiko mini. Ba sai Baba ya sani ba. Kwafi ɗaya tak a duniya, a ƙarƙashin matashi, hankalina bai kwanta ba.

Emilia


Kafanchan
3 ga Maris, 1992

Emilia,

Muna lafiya, sai dai garin ba daɗi. An yi rikici a Zangon Kataf a watan jiya kan maganar kasuwa, an rasa rayuka, kowa a ɗar-ɗar yake.

Ba zan kwafa ba. Na rantse wa makaho da sunan Allah, ba zan cuce shi don ba ya gani ba. Littafin yana nan lafiya, makon jiya na gan shi da idona. Abin da ba shi da lafiya shi ne mai littafin. Ki bar Rasha da rigimarta ki taho ko na mako biyu ne.

Jamiluddeen


Uppsala
12 ga Yuli, 1992

Yaya Jamilu,

Wasiƙa ta uku ke nan tun watan Mayu, ba amsa. Na ji a rediyo abin da ya sake faruwa a Zango, da yadda ya kai har Kaduna. Na yi ta neman layin waya zuwa Kafanchan, ba ya shiga.

In fushi kake da ni saboda maganar kwafi, na janye, ka yafe mini. Na san ban kyauta ba. Amma kada ka hukunta ni da shiru a irin wannan lokaci. Layi ɗaya ya isa: kuna raye, Baba yana raye. Na rubuta wa Yaya Gregory ma.

Samfuran Rasha sun iso. Ko buɗe su ban iya yi da daɗin rai ba.

Emilia


Fadan Kaje
3 ga Agusta, 1992

Ƙaunatacciyar ƙanwata Emilia,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana nan lafiya. Mun samu leta naka. Ni da Edna da yara muna lafiya, Ubangiji ya kiyaye mu cikin wannan wahala.

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Baba ya huta ranar 9 ga Yuni da safe. Kumburi ya hau har ciki. Mun yi jana'iza washegari, fasto ya yi wa'azi, zumuntar mata sun yi waƙa, mutane sun zo da yawa ko da lokacin ba kyau. Ban rubuta da wuri ba domin ban san yadda zan fara ba.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani. Sati na ƙarshe Baba bai kira sunana ba, bai kira naka ba. Jamilu kawai yake kira. Jamilu ya zo? Jamilu ya zo? Hannunsa kuma kullum a ƙarƙashin filo, in an taɓa wurin sai ya yi faɗa. Wannan ya ba mu tsoro sosai.

Bayan jana'iza Edna ya je share ɗaki, sai ya samu wani abu a wurin, an ɗinke da jan fata an ɗaure da igiya kamar babban laya. Mun buɗe, ciki duk rubutun Larabci ne da lamba lamba. Ka san shekara biyu Jamilu yana ɗaukan Baba zuwa daji, ba wanda ya san abin da suke yi. Ban ce ya yi da mugun nufi ba, shi ɗan'uwa ne, Allah ne ya sani. Amma a wannan lokaci, in matasa sun ji akwai irin wannan abu a gidan dattijon ikilisiya, ka san abin da zai faru. Ba wanda za mu kai wa ya karanta.

Saboda haka kada ka damu. Na kira dattawa biyu, mun yi addu'a, mun zuba kananzir mun ƙone shi a bayan gida har ya zama toka. Gidan yana da tsabta yanzu.

Ka yi ƙarfi cikin Ubangiji. Ka gama karatu ka dawo, muna fahariya da kai.

Yayanka,
Gregory Dogara


Kafanchan
28 ga Satumba, 1992

Emilia,

Ina yi miki ta'aziyya, ina yi wa kaina. Allah Ya ba mu haƙuri. Wasiƙunki uku a tare na kwaso su, don wata uku ban leƙa gidan waya ba. Ba fushi ba ne.

Irfan, ƙanen Zahra'u, yana Zango a watan Mayu. Bai fito ba, kuma ba mu sami gawarsa ba. Zahra'u ta kwanta ciwo. Hanyar garinku kuwa ba mai suna irin nawa da zai bi ta a lokacin. Rasuwar Baba a bakin wani manomin citta na ji ta, a kasuwa, bayan mako uku. Ya ɗauka na sani.

Makon jiya na je. Gregory ya tarbe ni a waje, ya kawo ruwa, ya nuna mini kabarin. Da na tambayi littafin ya faɗa mini abin da ya rubuta miki. Na gaya masa abin da ke ciki. Ya zauna a kan turmi ya rufe fuska da hularsa. Na ce da ka aiko an kira ni. Ya ce, "Ta wace hanya?" Ban yi masa faɗa ba. Ni na sa aka ɗinka jar fatar, ban taɓa tunanin yadda za ta yi kama a idon wani ba.

Kwana uku na rufe shago ina ƙoƙarin tunawa. Baba ya ce ni jaka ne, ni kuma na ɗauki maganar da gaske, ina rubutawa ina sakewa, ban taɓa komawa na karanta ba. Harshen ba nawa ba ne. Suna goma sha ɗaya na iya tattarowa, a cikinsu biyu kawai na tabbatar da lambarsu. Na maganin kuwa, guntaye ne a kaina: wannan a jiƙa, wancan a dafa, wani ba a ba mai ciki. Wanne ne ba a ba mai ciki? Ban sani ba, kuma ba zan yi ƙiyasi a kan ran mutum ba. Goma sha ɗayan suna nan, in kin zo in faɗa miki.

Na tambayi malaminmu hukuncin wanda ya karya rantsuwa. Ya ce ya ciyar da miskinai goma, in ba shi da hali ya yi azumin kwana uku. Mutum goma, Emilia. Zahra'u tana dafa abin da ya fi haka ranar Juma'a. Wannan nake ta juyawa a raina, kuma har yau ban san ko daidai na yi ba da na ƙi kwafa miki littafin.

Sau nawa Baba ya kira ni, Gregory ya ce bai ƙirga ba.

Yayanki,
Jamiluddeen


Uppsala
17 ga Nuwamba, 1992

Yaya Jamilu,

Ina gaishe ka. Ka yi wa Anti Zahra'u ta'aziyyar Irfan, na tuna shi yana kawo mana rake daga tasha. Allah Ya ji ƙansa, Ya ba ta lafiya.

Kada ka ɗora wa kanka. Kai ka cika alkawarinka, ni ce ban cika nawa ba. Ni ce kuma na ce lamba kawai a kan takarda. Da na bar ka da hankalinka na ɗan kasuwa, da ka rubuta sunan kowane kaya a jikin buhunsa. Yaya Gregory ban iya ba shi amsa ba tukuna. Na fara sau huɗu.

Na kare aikina a watan jiya, an ba ni digirin. Sun ce hujjata mai ƙarfi ce, itacen ya cancanci gidan kansa, amma littattafai ba za su canza ba sai wasu sun ƙara bincike. A wurin masu sayar da furanni har yanzu tsohon sunan ne a jikinsa. An yi mini liyafa, na ci abin da na iya.

Zan sauka Kano ranar 19 ga Disamba, in kwana, in biyo mota. Kada ka zo tarye, zan same ka a shago.

Makonnin nan na zauna da ganyayen Baba. Na manna kowanne a farar takarda mai kauri, na bi littattafai, na samo wa ɗari da hamsin da ɗaya sunayensu na Latin. Ba wuya, mako shida ya ɗauke ni. Za a ajiye su a ɗakin adana tsirrai na nan, inda ba danshi ba gara, an ce suna iya shekara ɗari uku. Kowace takarda tana da ɗan fom a gefe. A layin wanda ya tara na rubuta Dogara da Jamiluddeen. A layin wuri na rubuta Fadan Kaje.

Layin ƙarshe na sunan tsiron ne a harshen mutanen wurin, da amfaninsa. Jiya matar da ke kula da ɗakin ta dawo mini da su duka, ta ce na manta wannan layin, kuma shi ne ya fi daraja a irin wannan tarin. Mace ce mai kirki. Ta dafa kafaɗata ta ce ba gaggawa, in ban tuna ba in rubuta gida in tambaya.

Na ce mata to.

Ƙanwarka,
Emilia